Murhu na Biyu a Gidan Goggo Daso

Wadda ta jawo wa Harouna wannan rigima wata mata ce daga garinsu Yekuwa, Ƙande, da ta zo Magaria sayar da daddawa ta hango shi a bakin kasuwa da ɗan wandon lakwal iya gwiwa. Ko gaisawa ba su yi ba. Amma da ta koma gida, kafin ta sauke ƙwaryarta ta riga ta shaida wa rabin gari cewa ɗan Gajere ya ƙare, saura wuya da gwiwa, in iska ta taso sai an riƙe shi.

Alhali Harouna bai rame ba, tsawo ya yi. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a lakwal, wato makarantar boko, kuma a cikin 'yan watanni ya miƙe kamar karan dawa, abin da ba a saba gani ba a gidan mutumin da ake kira Gajere. To amma wa zai tsaya yi wa Ƙande wannan bayani? Mai daddawa in ta ɗauko zance, warinsa ya fi na hajarta tafiya nesa.

Sai ga saƙo ta bakin wani mai jaki. Ya tare Harouna a hanya ya ce masa babansa na nan tafe ranar Talata da sassafe, kuma ya rantse in ya tarar da abin da aka faɗa gaskiya ne, zai ɗauke shi ya tsallaka iyaka da shi zuwa ƙasar Ingilishi wurin dangi, ya zauna can har mushe, malamin lakwal, ya gaji da cigiya, sannan ya dawo ya kama fartanya. Haka ake yi a wancan zamani, iyaka ba nisa, gardin kumandan kuwa, dogarin Baturen mulki, ba ya tsallake ta. Da ma Gajere bai kai ɗansa lakwal don yana so ba. An ce wa mai gari ya kawo yara ne, abin ya faɗa gidansa.

Abin da Gajere bai sani ba shi ne, yaron ya kamu da son karatun. Jarrabawar sartafika ta kusa, kuma mushe ya ce in ya ci za a tura shi Damagaram ya ci gaba. Harouna yana son wannan tafiya har cikin ransa. Da ya ji saƙon sai ya ga tafiyar na neman kuɓuce masa.

A gidan Goggo Daso yake zaune, yayar babansa uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunansu, ita ce sarki ita ce waziri a gidan. Tana da baki, amma ba ta da rowa. Kowace safiya akwai ɗumamen tuwon gero da miyar kuka, kuma tuwon Goggo in ya kwana sai mai haƙori. Harouna ya zauna ya yi nazari irin na 'yan lakwal. Ɗumame dai akwai shi a Yekuwa, ba zai burge kowa ba. Dole a ajiye wa Baba abin da zai gani ya riƙe baki, ya ce lallai wanda ke cin wannan ba ya ramewa. Kuma Harouna ya san abin.

A tashar Magaria akwai rumfar Bawa Kuku, wanda ya taɓa yi wa wani Bature na kamfanin gyaɗa girki kafin su ɓata. Yanzu direbobin kamyo, manyan motocin kaya, yake ciyarwa. Yana da wani haɗi na safe da suka raɗa wa suna kai-ni-Kano, don in ka ci shi ba ka ƙara tuna abinci sai ka shiga Kano: soyayyen dankali, albasa jingim, wake, ƙwai a kai, ga burodi, ga kafe da madara. Ranar Alhamis da babu lakwal Harouna kan je ya taya shi wanke-wanke a ba shi ƙanzo. Ya sha kallon yadda ake yi, har yana ganin ko ido rufe zai iya.

Bai iya faɗa wa Goggo dalili ba. Ka dubi idon Daso ka ce mata ana cewa a Yekuwa tana barin ɗan ƙanenta da yunwa? Da ƙafa za ta tafi Yekuwa a ranar, kuma Ƙande sai ta bar garin. Don haka ya bi ta gefe.

"Goggo, ko za ki ara mini kaskon suya ranar Talata? Ɗan abu nake so in soya."

"Ka soya me?"

"Ƙwai ne da dankali."

Goggo ta ajiye tsintsiya. "Ƙwai? A gidan nan? Kai ba ka san yaro mai cin ƙwai ɓarawo yake zama ba? Yau ƙwai, gobe kaza, jibi akuyar mutane. Ni da na tsufa ban san ɗanɗanonsa ba. Kuma namiji da gashin baki na ɓullowa, a madafata, tsugune? Abin da mushe ke koya muku ke nan?"

"A'a, Goggo."

"To tashi ka ba ni wuri."

Mai hankali da nan zai haƙura. Harouna kuwa sai ya ce a ransa, in an hana shi madafa ai ba a hana shi duwatsu ba, Allah ya yi su da yawa.

Ya shiga tara kaya. Damina ta fara leƙowa, zabi sun soma ƙwai, Bawa ya ware masa waɗanda suka ɗan tsage a hanya. Ya haɗa masa da burodin da ya kwana biyu, wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara, da sauran dafaffen wake, da garin kafe da aka riga aka tafasa sau ɗaya. Madara kuwa gwangwanayen da direbobi suka shanye ya ba shi, ya ce in ya ɗauraye su da ruwan zafi ya haɗa, za ta yi fari daidai gwargwado. Dankali da albasa ya samo su a ƙarshen kasuwa, irin waɗanda mai kaya ke jin nauyin komawa da su gida. Man gyaɗa wata mai ƙuli-ƙuli ta tsiyaya masa bayan ya ɗebo mata ruwa. Kasko ne ya rage. Ya samu tsohuwar garwa ya yanke gindinta, ya dirje da yashi da toka har hannunsa ya yi ja.

Ranar Talata Allah ya taimake shi, ko kuma shi ya ɗauka taimako ne. Ana suna a unguwar gaba, Goggo ta fita tun da asuba. Harouna ya ɗauko duwatsu uku ya girka su a ƙofar zaure, daidai bakin hanya, don kada a ce ya taɓa madafar Goggo, kuma don Baba yana isowa ƙamshi ya tarbe shi.

Nan ne karatu bai yi masa rana ba. Ya san kogunan Faransa da sunayensu, amma ya manta abin da kowace yarinya mai tallar fura ta sani: gida ɗaya, murhu ɗaya. In ka ga an kafa murhu na biyu, an raba tukunya ke nan. Ko ɗa ya yi fushi da ubansa ya fita gandu, ko baƙo ya gaji da yunwar masu gida ya ce zai ci da kansa. Ba a yin haka a ɓoye ma sai magana ta fita, balle a bakin hanya da hayaƙi.

Shi dai ya hura wuta, ya ɗora gindin garwa, ya zuba mai. Dankali ya shiga da ƙara. Ya yanka albasa yana hawaye yana murna. Ƙwan zabi ne ya so ba shi kunya, don ɓawonsa ba irin na kaza ba ne, har wanda ya tsage sai an yi da gaske. Na farko ya ƙwanƙwasa a bakin kwano ya ƙi, ya buga da ƙarfi, rabi ya tafi kan gwiwarsa. Ya kwashe da yatsa ya mayar, ba wanda ya gani. Ya kaɗa da gishiri da yaji, ya tsoma burodin a ciki don ya yi laushi, ya soya shi gefe guda. Sannan ya juye wake a kan dankali da albasa, ya kwarara sauran ƙwan a sama. Wallahi ƙamshin da ya tashi, Bawa da kansa ba zai ƙi shi ba.

Ƙamshin ne ya fito da Manzo, tsohon da ke gida na kusa, wanda ba shi da aiki sai sanin na mutane. Ya zo da carbinsa ya tsaya, ya dubi duwatsu, ya dubi yaro.

"Ɗan lakwal, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba Manzo."

"Subhanallahi. Abin har ya kai haka? Yaushe kuka yi da Daso?"

"Muka yi me?"

Manzo ya girgiza kai. "Yaron kirki. Dubi yadda yake rufa mata asiri."

Ya samu gindin bango ya zauna, kuma zaman Manzo a wuri kiran jama'a ne. Mata masu zuwa rijiya suka rage tafiya. Mai aski ya tsaya da zabirarsa. Aka fara ƙus-ƙus, wata ta ce ita da ma ta lura da wuyan yaron. Harouna ya ɗauka gwanintarsa ake kallo, har ya ɗan ɗaga gindin garwar ya girgiza yadda Bawa ke yi.

A haka Gajere ya iso a kan jakinsa, ya kwana a wani ƙauye kusa ya yi sammako. Abin da ya fara gani taron mutane ne a ƙofar yayarsa, har ya zaci rasuwa aka yi. Da ya kutsa sai ga ɗansa, dogo, tsugune gaban murhu a kan hanya, da ludayi a hannu da ƙwai a gwiwa.

Harouna ya zube ya yi gaisuwa. Gajere bai dube shi ba. Harouna ɗansa na fari ne, ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye in da mutane. Sai ya juya ga Manzo.

"Malam, don Allah, wannan yaron tun yaushe aka raba masa tukunya?"

"Mu ma yau muka wayi gari muka gani," in ji Manzo. "Amma ka san hayaƙi ba ya tashi sai wuta ta daɗe tana ci."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Harouna. Ya dubi duwatsun nan uku da ya ɗauko da hannunsa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abincin da ya yi don ya nuna ana ciyar da shi, shi ne ya zama shaidar ba a ciyar da shi.

"Baba, ba haka ba ne, ni ne na…"

"A ce masa ya haɗa kayansa," Gajere ya faɗa wa iska.

Ana cikin haka sai ga Goggo Daso ta dawo daga suna, da goro a ƙulle a bakin zane da mata biyu a bayanta. Ta tsaya cak. Ta ga ƙanenta, ta ga taro, ta ga murhu a ƙofar gidanta.

"Yaya," Gajere ya ce, "amana na ba ki. In ya yi miki nauyi ai sai ki aiko. An faɗa mini ban yarda ba, na ce yayata ba za ta yi haka ba. Yau ga shi na gani da idona. Zan tafi da abina."

Goggo ta dubi Harouna. Kallon da ta yi masa, da kallo na kisa da an yi jana'iza kafin hantsi. Amma ta ga idon yaron ya ciko, kuma ta ji kalmar "zan tafi da abina", ta gane duk abin da ake ciki. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kai Gajere, tun kana yaro ba ka tambaya kafin ka yi kuka. Wa ya ce maka murhunsa ne? Murhuna ne! Hayaƙin albasa ke tayar mini da tari, na ce a fito da shi waje. Abin da nake ba shi kowace safiya ke nan. Yau na tafi suna na bar shi yana juya mini, shi ne kuka taru kamar an kama kura?"

Gajere ya leƙa gindin garwar.

"Kowace safiya?"

"Kowace safiya ta Allah."

"Har da ƙwai, Yaya?"

"Har da ƙwai. Karatun Nasara ba ya shiga sai da ƙwai, kowa ya sani. In sata ce, ga shi nan shekara da shekaru, ko allura ba ta ɓace mini ba."

Da an bar ta haka da ta tsira. Amma Manzo na nan.

"Ikon Allah," ya ce. "Daso, ashe kina cin ƙwai? Ni da na ji kina cewa ko a bakin kabari…"

"Kai dai ka ji da tsufanka."

"A'a, ai murna nake. Ɗan taɓa mana mu gani, ko mu ma mu koya."

Duk ido ya dawo kanta. Goggo Daso, wadda ta aurar da jikoki ba ta taɓa kai ƙwai bakinta ba, ta tsuguna ta yi bisimilla mai tsawo, irin wadda ake yi kafin a shiga rijiya. Ta gutsuro, ta rufe ido, ta jefa. Ta tauna a hankali tana jiran abin da zai same ta. Ba abin da ya same ta. Ta buɗe ido, ta sake miƙa hannu ta gutsuro wanda ya fi na farko.

"Gishirin nake dubawa," ta ce. "Na jiya ya fi haka. Ku kuma ku watse, ba sadaka ake ba."

Aka watse ana dariya ƙasa-ƙasa. Harouna ya kwashi abinci ya kai zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye wa babansa da kafen a kwano, ya koma bakin ƙofa ya rakuɓe. Zuciyarsa fal murna, yana ta danne ta kada ta fito a fuska.

"Yaya, ki tambaye shi," Gajere ya ce. "Haka ne abin da kika faɗa?"

"Kai, ana tambayarka."

"Haka ne, Baba," in ji Harouna, kansa a ƙasa.

Gajere ya wanke hannu. Ya kurɓi kafen ya yamutsa fuska, ya ce wannan ko maganin shawara ne, ya ture shi gefe. Sannan ya sa hannu a abincin. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya ɗauki burodin ya juya shi yana kallon yadda mai ke naso. Ya ci kaɗan. Sai ya janye hannunsa, har Goggo ta tsargu.

"Bai yi ba ne?"

"Ya yi, Yaya. Ya yi ƙwarai." Ya share hannunsa a gemu. "Da niyyar tafiya da shi na zo, ba zan ɓoye miki ba. Ba maganar Ƙande kaɗai ba ce. Bana rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidana, ga shuka ta zo ni kaɗai. Uwarsa ta ce in dai yunwa yake ji, gara ya zo mu ji ta tare, da a ce yana jin ta shi kaɗai a garin mutane. To amma wanda ke karyawa da wannan kullum, in na kai shi gida na cuce shi. Ya zauna. Allah ya saka miki."

Murnar da Harouna ke dannewa ta ɓace, ya neme ta ya rasa. Shi bai san haka gida yake ba, ba wanda ya aiko masa da wannan saƙon.

"Sai dai in ba damuwa," Gajere ya ƙara, yana ɗan murmushin kunya, "a ƙunsa mini sauran nan. Ƙannensa ba su taɓa ganin irinsa ba."

Goggo ta tashi. Ta ƙunshe abincin tsaf a ganye, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da taikin gero da ta ɗaure bakinsa, ta ɗora a kan jakin da kanta tana faɗa. Wai shi wane irin mutum ne da zai zauna da yunwa bai aiko ba, wai tun yana yaro girman kai ke cin sa, wai in ya buɗe baki ya yi godiya sai ta mare shi a gaban ɗansa. Gajere bai buɗe ba. Ya ja jakinsa a ƙasa don kaya sun yi nauyi, ya kama hanyar Yekuwa. Da ya zo wucewa ta gaban Harouna ya ɗan tsaya, ya ɗaga kai, don yanzu sai ya ɗaga kai yake ganin fuskarsa.

"A ce masa ya yi ƙoƙari," ya faɗa wa jakin.

Suna tsaye har ya sha kwana. Can aka buga ƙarfen lakwal. Harouna bai motsa ba, hawaye na zuba ba ya ko sharewa. Yana son ya bi babansa da gudu ya ce masa ƙarya ce, ɗumame yake ci kamar kowa, yana kuma son ya zauna, kuma ya san ba zai samu biyun ba.

Goggo ta miƙo masa littattafansa. Ita ma idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin albasa ne.

"Ungo. Ka samu abin da kake so. Na yi wa ƙanena ƙarya a gaban jama'a, na ci ƙwai da tsufana, shi kuma zai yi shukar bana shi kaɗai da cikin da ba komai. Duk a kan jarrabawar nan taka. To ka je ka faɗi, ka ga yadda za mu ƙare da kai."

Harouna ya karɓi littattafan ya zuba da gudu.